Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: abin da ziyarar malamai ke bar wa lakwal ɗin ƙauye

Mun bar Tawa da asuba, mu huɗu a kan babura biyu, da kwali uku ɗaure a baya: kaye, wato littattafan rubutu, da alli da 'yan allunan rubutu na yara. Da muka wuce Keita sai muka saki babbar hanya muka hau fako, irin tudun nan na Adar da babu komai a kansa sai dutse da geza. Rana ta ɗaga sosai kafin mu hango tuta a kan wani dogon icce, alamar mun iso.

Yara sun jeru layi biyu, an wanke musu fuska an shafa mai. Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Nijar, saurayi ne da bai kai talatin ba, sanye da riga da ta sha gugar gawayi. Aji biyu gare su, ɗaya na siminti mai rufin kwano, ɗaya rumfar zana, kuma shi kaɗai ke riƙe da su duka biyun. Muka ba da darasin gwaji, muka raba kaya, aka ɗauki hoto, aka kai mu zauren mai gari muka ci tuwo da naman zabi. Kafin la'asar mun ɗaure jakunkuna. Mai gari ya rako mu har bakin rijiya, ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce: "Mushe, mun gode da wagga ziyara ƙwarai. To, yaushe za ku komo?" Na ce masa in Allah ya yarda ba da jimawa ba. Gaskiyar magana ban san rana ba, domin babu ita a takardar aikin da aka ba mu.

Tambayar nan ta daɗe tana cina. Ina cikin masu ganin alherin kai malaman birni ƙauyuka masu nisa, na kuma sha shiga irin tafiyar. Amma abin da shekaru suka koya min shi ne, ribar ziyara tana hannun malamin da ke kwana a garin. In mun tafi mun bar shi da ƙwarin gwiwa da wata dabara da zai yi aiki da ita washegari, an yi abin kirki. In mun bar shi yadda muka tarar da shi, ko muka rage masa ƙima a idon yara da iyayensu, to wahalar hanya kawai aka sha.

Masu zuwa lakwal ɗin ƙauye da jaka iri-iri ne. Akwai na hukuma, wato sufeton makarantu da konseye, jami'in da aikinsa shi ne bin malamai aji-aji yana duba yadda suke koyarwa yana yi musu gyara. Akwai taron CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa a gari ɗaya, wani ya ba da darasi saura su yi masa tsokaci. Akwai na ƙungiyoyi masu tallafi, da motarsu da takardun cikewa. Akwai kuma 'yan sa kai, malaman kwalej da lise, da ɗaliban jami'a 'yan asalin ƙauye da kan koma gida lokacin hutu su ba ƙannensu darasi. A cikin duka, ta konseye ce ta fi muhimmanci, domin ita ce aka tsara don a riƙa maimaitawa, ita ce kuma ta fi fama da rashi. Mutum ɗaya, makarantu barjat a warwatse tsakanin tudu da kwari, babur ya tsufa, esansi sai an yi ta jira. Saboda haka akwai malamin da zai share shekara guda cur babu wanda ya zauna a ajinsa ya ga yadda yake riƙe alli. Wannan giɓin ne shirye-shiryen ziyara ke ƙoƙarin cikewa.

Kafin a yanke hukunci kan malamin ƙauye, ya kamata a san yadda aka yi ya je can. A 1998 Nijar ta kafa dokar da ta tsara alƙiblar ilimi, daga 2003 kuma aka shiga shirin shekara goma na bunƙasa shi. Aka buɗe lakwal a ƙauyukan da ba su taɓa ganin tuta ba, yara suka yi ta shiga, abin farin ciki. Sai dai baitulmali ba zai iya ɗaukar ma'aikatan dindindin daidai da yawan azuzuwan ba. Aka fara da malaman sa kai a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka koma 'yan kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a firamare. Wasu sun bi ta makarantar horon malamai, irin ta Kawusan da ke nan Tawa, wasu kuwa daga benci aka miƙa musu aji. Al'adar rabon aiki kuma sananniya ce: sabon shiga shi ake turawa ƙurya, wanda ya kwana biyu yana neman hanyar matsowa Tawa, Ƙonni, Madawa ko Yamai, malamai mata da yawa suna bin mazajensu birni. Sakamakon shi ne, ajin da ya fi wuyar riƙewa, mai yara kashi biyu ko uku a ɗaki ɗaya ba littafi, yana hannun wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa. Ga kuɗin wata da kan makara, in ya fito kuma sai an rufe aji an tafi birni karɓa, kwana biyu ko uku sun tafi ke nan.

Alƙaluma sun nuna inda hakan ya kai mu. A binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ko ɗaya cikin goma na yaranmu da ke kammala firamare bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. A na 2019 an samu ci gaba zuwa kusan uku cikin goma, wanda har yanzu yana nufin mafi yawa suna fita aji shida ba sa fahimtar abin da suka karanta. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa 'yan kwantiragi jarrabawa a faɗin ƙasa, da yawa ba su kai makin tsakiya ba, aka sallami wasu, aka mayar da wasu horo. Tun daga lokacin bakin mutane ya buɗe a kansu. Ni dai ban yarda a ɗora musu laifin duka ba. Su ma 'ya'yan wannan lakwal ɗin ne, abin da aka zuba musu shi suke zubawa, kuma an kai su daji an bar su ba mai leƙa su.

Yanzu ga inda ziyara ke fara tuntuɓe: lokaci. A takarda, ana komawa makaranta a farkon Oktoba a tashi a ƙarshen Yuni. A ƙauyen Adar lissafin daban yake. Oktoba kaka ce, yara suna gona, ana yankan hatsi ana roron wake, 'yan mata suna kai abinci da ruwa. Ajin zana kuwa ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, iyaye sun huta sun haɗu sun kafa dirkoki. Sau da yawa sai Nuwamba ta yi nisa, wani wurin har Disamba, yaran rumfa ke fara zama. A ɗaya ƙarshen, iskar farkon damina da ruwan fari a Mayu ko Yuni suna kwashe rumfar, shuka ta kira kowa gona. Tsakanin nan kuma akwai ranar kasuwa da aji ke raguwa, akwai suna da biki, akwai watannin zafi da rijiya ke ja baya har yarinya ta wuni a layin ruwa. A garuruwan fadama, wajen Galmi da kwarin Majiya, dashen albasa da ban ruwa da cira suna da nasu rabon a lokacin yaro. A 2024 ma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba a ƙasa baki ɗaya. In ka tattara, shekarar wata tara takan tsuke ta koma biyar ko shida.

Rumfar nan ta zana ba ƙaramar magana ba ce. Hukumomi da kansu sun ce akwai irinta kusan 36,000 a ƙasar. A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, a ranar 8 ga Nuwamba ta shekarar kuma aka sake yi a Maraɗi, aka rasa aƙalla 25. Duk malamin da ya koyar a ƙarƙashin kara ya san yadda gabansa ke faɗuwa in iska ta taso alhali ana girki a gidan da ke maƙwabtaka.

To, yaushe masu ziyara ke zuwa? Tsakanin Disamba da Fabrairu. Sanyi ne, hanya ta bushe, ƙoramu ba ruwa, kuɗin shiri sun sauka, rumbuna da sauran hatsi, yara sun ƙoshi, aji ya cika. Wato muna zuwa daidai lokacin da lakwal ta fi kyan gani a duk shekara, kuma mun aiko da saƙo tun mako guda, an share fili an gargaɗi iyaye kada kowa ya riƙe ɗansa. Sai mu rubuta rahoto cewa ɗalibai suna zuwa yadda ya kamata. Ba ƙarya muka yi ba, abin da muka gani ke nan. Amma wanda ya zo a Afrilu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, samari sun tafi cin rani Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya kamar yadda Adarawa suka saba tun kaka da kakanni, uwa ta rage ita kaɗai da daka da itace da ruwa da awaki, shi zai ga dalilin da ya sa bencin 'yan mata ya zama wayam. Kuma ƙauyen da ke kusa da kwalta ya fi samun baƙi, har wani ya ga tawaga uku a shekara, na bayan dutse kuwa da sai an yi awa biyu a babur bai ga ko ɗaya ba. Shirin da aka ƙirƙira don na nesa sai ya ƙare a hannun na kusa.

Tuntuɓe na biyu harshe ne, kuma a nan ni kaina na yi kuskure. A wancan ƙauyen na ba 'yan aji uku darasin karatu da Faransanci, na shirya shi tsaf tun daga gida. Na kira wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, mai ɗan kallabi ja, ta tashi ta karanta jimla uku a allo ba gargada, har abokan tafiyata suka tafa. Jimlolin suna magana ne kan wata mata da ta tafi kasuwa da akuyarta. Na tambaye ta da Faransanci ina matar ta tafi. Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, shiru. Mushe ya matso a hankali ya ce da ni: "Ka tambaye ta da Hausa, bayan ka faɗa mata labarin." Na yi haka. Sai ga yarinya ta ɗago tana bayani, har tana ce min ai ba a kai akuya mai ciki kasuwa sai in gida babu hatsi, kuma in za a kai, da sassafe ake fita kafin dillalai su raba gari. Ƙwaƙwalwa lafiya lau. Sautin baƙaƙen ta haddace kamar waƙa, ma'anar ce ba ta taɓa isa gare ta ba, domin tun ranar da ta shiga aji ɗaya ake yi mata magana da harshen da ba a yi da shi a gidansu, ko a rijiya, ko a kasuwa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, kuma an daɗe da ganin cewa yaron da ya fara da harshen uwa ya fi saurin kama karatu, har Faransancin kansa. Azuzuwan gaggawa na wata tara, da ake yi wa yaran da shekarun shiga suka wuce su, da harshen gida suke farawa na wata biyu kafin a juya. A Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma daga takarda zuwa rumfar zana akwai tafiya. Malami Bahaushe ne, ya iya magana, amma ba a taɓa koya masa rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba, balle yadda ake koya wa yaro su. Littafin Hausa na yara bai kai hannunsa ba. Mai ziyarar da ya zo ya zuba Faransanci mai daɗi na awa ɗaya ya burge kowa, bai taɓa wannan ciwon ba ko kaɗan. A arewacin jahar Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin sau da yawa malami Bahaushe ne, yara kuwa Tamajak ko Fulatanci suke ji, sai ka ga harshe uku a ɗaki ɗaya.

Akwai ɓarnar da ziyara kan yi ba da niyya ba, wadda ba a cika faɗa ba. Malamin birni ya shigo da hotuna masu launi da waƙoƙi da murmushi, ya yi darasi ɗaya da ya kwana uku yana shiryawa. Yara suka ji daɗi. Washegari mushensu ya dawo da guntun alli da gajiyar aji biyu. Me yara za su ce a gida? "Na birni sun fi namu iyawa." Mafi muni shi ne a yi wa malami gyara a gaban ɗalibansa, ko a zauren mai gari a gaban dattawa. Na ga an yi, na ga yadda fuskar saurayin ta canza. Ƙimar malamin ƙauye ita ce jarinsa, da ita yake shiga gida ya roƙi uba ya bar 'yarsa ta ƙarasa aji shida. Wanda ya zubar masa da ita a wuni ɗaya ya rushe aikin shekara. Sai kuma nauyin karɓar baƙi. Mutanenmu ba sa barin baƙo da yunwa, zabin nan da muka ci wata mata ce ta ba da su, watakila su ne ajiyarta ta ranar ciwo, alhali mu an ba mu kuɗin guzuri tun daga Tawa. Har yau in na tuna nakan ji nauyi.

Duk da haka ba zan ce a daina ba, domin na ga abin da ziyara ke yi wanda babu takardar da za ta yi shi. A wata tafiya muna tare da wata malama 'yar asalin Buza. Da aka tashi daga aji ba ta bi mu zaure ba, ta shiga cikin gida wurin mata, ta karɓi taɓarya ta taya su daka. Can muka jiyo shewa. Daga baya ta ba mu labari cewa wata tsohuwa ta kama hannunta tana juyawa, ta ce: "Ɗiyata, ashe ke ma kin iya daka? Kuma kina da miji, da ɗiya?" Ta ce mata ƙwarai, Inna, uku gare ni. Tsoron iyaye mata ke nan a fili: kada lakwal ta raba yarinya da tarbiyya, ta hana ta aure, ta kai ta birni gidan da ba a san shi ba. Tsoro ne mai tushe, domin yarinyar da ta gama firamare a ƙauyen da ba kwalej, sai an nema mata mai riƙo a wani gari, kuma kowa ya san labarin waɗanda riƙon bai yi musu daɗi ba. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma aka yi dokar Disamba 2017 don kare karatun 'ya mace, ganin mace ɗaya mai sallah, mai aure, mai albashi, wadda ke magana da karin harshensu, ya fi jawabin awa uku aiki. Shi ma malamin, ranar da abokan aiki suka taka har inda yake suka kira shi da sunan girma a gaban jama'a, garin kan dube shi da wani ido.

Tarihinmu yana da darasi biyu da suka dace da wannan magana. Daga 1964 Nijar ta gwada koyarwa ta talabijin: ƙwararru a Yamai suna shirya darasi, ana haska wa yara a azuzuwa, mai kula da aji kuwa ɗan taƙaitaccen horo gare shi. Duniya ta zo kallo, darussan sun yi kyau, amma abin bai bazu ya game ƙasa ba, ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Gwaninta tana can nesa, ba ta yi saiwa a garin ba. Na biyu a nan jaharmu ya faro. A 2004, da tallafin hukumar haɗin gwiwa ta Japan, aka soma shirin ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, a jahar Tawa. Masu zuwa ƙauye a wancan shirin ba darasi suka je bayarwa ba. Sun je ne su taimaka gari ya zaɓi 'yan kwamiti ta ƙuri'ar asiri, ya zauna a dandali ya faɗi abin da ke damun lakwal, ya tsara abin da zai iya yi da ƙarfinsa: kafa rumfa da wuri, gina wa malami ɗaki, sayen fitila don karatun dare, bin gidajen da yara ba sa zuwa. Daga 2007 aka yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Ba ko'ina kwamitocin ke motsi ba, wasu sun zama suna kawai, amma inda suke da rai za ka gane tun daga bakin gari. Bambancin gwajin biyu a wurina shi ne, na biyun ya bar wani abu a hannun mutanen da ba za su hau mota su tafi ba.

Da za a ba ni tsara ziyara, abin da zan fara sokewa shi ne komawa gida a ranar. A kwana. Da dare ne, bayan isha'i, malami ke buɗe cikinsa, da safe kuma ake ganin wa ya zo a kan lokaci, wa ke bakin rijiya. Mai ziyara ya zauna a bencin baya ya kalli darasin mai aji tukuna, in zai nuna wata dabara ya nuna ta da abin da ke garin, tsakuwa da kara da marafan kwalba da ƙasar tsakar fili, su yi tare, yara su ga malaminsu ne ke jan ragama. Gyara kuwa sai an keɓe. Gara a ɗauki ƙauye biyar a koma musu sau huɗu a shekara, ciki har da Nuwamba da Afrilu, da a zaga ashirin sau ɗaya. Tawaga ta zo da abincinta ko ta biya a mutunce. Kada a wuce malamin makarantar allo ba a gaishe shi ba, domin yaran nan nasa ne da asuba da dare, kuma in ya ce lakwal ba ta da laifi, rabin gardama ta mutu. Ƙasar da ta buɗe madarisa mai haɗa Larabci da Faransanci a Sayi tun 1957 ba baƙuwa ba ce ga wannan sulhu. A zauna da ƙungiyar iyaye mata daban, ba a gaban maza ba. Sa'an nan a bar lambar waya da za a ɗauka in an kira. Malamai da yawa yanzu suna hawa tudu neman layi su aiko da hoton allo ta WhatsApp suna tambaya, wanda hakan ziyara ce ta kowane mako da ba ta cin esansi. Kuma duk abin da aka gani a kai wa konseyen yankin, a saka shi a tafiyar, domin bayan shiri ya ƙare shi zai rage.

Akwai inda duk wannan ba ya yiwuwa yanzu. Tun harin 21 ga Maris 2021 a yankin Tiliya, inda aka kashe mutum 137, tafiya a arewa maso yammacin jaha ta zama sai da lissafi, an rufe makarantu a wasu wurare, a jahar Tillaberi ma ɗaruruwa. A can, malamin da ya yarda ya zauna ya cancanci fiye da kwalin alli. A yankin makiyaya kuma, inda iyali ke bin ruwa da ciyawa, tun zamanin Turawa an san cewa kantin, wato ciyar da yara a makaranta, shi ke riƙe aji. In tukunya ta sauka yara sun watse, ko wane gwani ne ya zo ziyara.

Na koma wancan ƙauyen a Afrilu, ni kaɗai, ban aika ba. Zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Babu layi, babu tafi. Rumfar ta karkace, yaran da na ƙirga ba su kai rabin na ranar farko ba, mai jan kallabi tana rijiya sai wajen ƙarfe goma ta shigo da ƙafafu jiƙe. Na zauna a baya. Mushe ya ba 'yan aji uku aiki a allo ya ruga rumfa wurin ƙanana, kafin ya dawo waɗannan sun hargitse, haka ya yi ta safa da marwa har azahar. Da dare muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya dafa shayi, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya shiga ya ɗauko kayen da yake shirya darasi, ya haska da fitilar waya, ya ce: "Yaya, don Allah kada ka faɗa wa kowa. Rabawa mai lamba biyu, ni kaina ban gane ta ba sosai. Shekara biyu ina tsallake ta." Muka tara tsakuwa muka yi ta yi a ƙasa, da Hausa, da dala da jika kamar ana rabon kuɗin albasa, har shayi na uku ya huce. Muka kuma tsara yadda manyan yara biyu za su riƙa jan ƙanana karatu in yana ɗaya ajin.

Da safe shi ya ba da darasin, ni ina baya. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya gyara da kansa. Da zan hau babur ya miƙo min guntun alli, ya nuna min ƙyauren aji ya ce in rubuta ranar da zan komo inda yara za su gani. Na rubuta Alhamis ta uku a cikin watan Mayu, kafin ruwan fari ya cika ƙoramar da ke tsakaninsu da hanya.